Hantar da ke cikin kwalba

Da hadda na shiga darasin fatoloji, wato ilimin yadda cuta ke lalata sassan jiki. Sai in jera alamomin ƙanƙancewar hanta a kati, in yi ta bita har su zauna: kumburin ciki, girman saifa, aman jini. Na iya su tsaf, ina ganin na gama.

Asirina ya tonu ranar da malaminmu ya ɗauko wata kwalba ya dangwarar a gabana. Hanta ce cikin fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, ta tsuke, jikinta duk gudaji-gudaji, ga warin maganin yana sa ido hawaye. Ya ce, "To likita, me ya haɗa wannan da aman jini?" Na yi tsuru-tsuru.

Shi ya warware mini. Jinin da ke tasowa daga hanji da saifa sai ya ratsa hanta kafin ya koma zuciya. Idan tabo ya mamaye ta, hanyar ta ƙuntata, jini ya taru a baya, ya nemi ɓarauniyar hanya ta ƙananan jijiyoyin ƙasan maƙoshi. Su kuwa ba a yi su don wannan kaya ba, sai su kumbura, wata rana su fashe. Cunkoson nan ne dai ya kumbura saifa. Ruwan ciki kuma, ban da matsin jinin, akwai ƙarancin albumin, sinadarin da hanta ke yi wanda ke riƙe ruwa cikin jijiya. Ashe abu uku da na haddace daban-daban tushensu ɗaya.

Daga nan na koma tambayar "me ya jawo?" a kan komai. Da muka zo kan zuciya, na fahimci cewa idan jijiyarta ta toshe, bayan minti 20 zuwa 30 tsoka ta fara mutuwa ke nan. Tsakanin kwana 3 da 7 fararen ƙwayoyin jini na kwashe mataccen naman, tabo bai yi ƙwari ba tukuna, shi ya sa a lokacin bangon zuciya ya fi saurin ɓarkewa. Wannan ban ko rubuta a kati ba.

Tun 1858 Rudolf Virchow, likitan Jamus, ya nuna cewa daga ƙwayar halitta cuta ke farawa. Ni dai sai da aka kunyata ni gaban 'yan aji na yarda cewa alamomin cuta suna da tushe. Hadda kam ban rabu da ita duka ba, don sunayen wasu ciwace-ciwacen daji ba su da wani dalili, dole a haɗiye su haka nan.