Kafin ka ɗora wa tsohuwar mota kariya

Shekaranjiya da la'asar na bi ta wajen masu walda a Sabon Gari don a gyara mini ƙyauren gida, sai na tarar da ɗan ƙanwata tsaye gaban tsohuwar Land Cruiser da ya saya bana, samfurin 80 ɗin nan da aka fara ƙerawa a 1990. Motar ta girme shi. Waya na hannunsa, yana nuna wa mai walda hoton wata mota ta Turawa mai kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a saman mota, tun daga gilashin gaba har baya, ga tsani, ga fitilu, ga jarkoki a jere. A ƙasa an riga an zube sandunan ƙarfe mai kusurwa guda shida. Na duƙa na ɗaga ɗaya, hannuna ya gane shi tun ban tambaya ba. Mai faɗin milimita 40 ne, mai kaurin milimita 4.

Na ce, "Duk wannan a saman mota?" Ya ce, "Kawu, ai gara mai ƙarfi, sau ɗaya za a yi a huta." Gabana ya faɗi, don maganar da na faɗa wa wani dattijon mai walda ke nan shekaru wajen ashirin da suka wuce.

Tawa samfurin 60 ce, mai shan gazuwal. Da ita nake cin kasuwannin arewa, Kornaka, Dakoro, wani lokaci har Bermo. In tafi da sukari da sabulu da atamfa, in dawo da wake da gero da fasinja. Ciki ba ya isa, sai na ce a yi mini kariya. Dattijon ya ce mu yi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, na 25, mu sa ƙafa takwas masu kama leɓen rufi da noti, wato leɓen nan da ruwan sama ke bi. Na ƙi. A idona bututu abin gadon yara ne. Na ce ƙarfe mai kusurwa nake so, ƙafa huɗu, kuma a like su da wuta a jikin motar don kada noti ya kwance a hanya. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, kariyar ba za ta karye ba, motar ce za ta karye." Na ce in ba zai yi ba akwai wani a gaba. Ya yi.

Lissafin da ban yi ba a lokacin ga shi. Sandar ƙarfen nan mai tsawon mita 6 tana kai kilo 14 da ɗoriya. Shida sun doshi kilo 90 tun ba a ɗora ko tsinke ba. Bututun da dattijon ya so, sandarsa ba ta kai rabin wannan nauyi ba. Sai tayar safaya da ƙarfenta, ta haura kilo 30. Jarka biyu na gazuwal, lita 20 kowacce, kusan kilo 40. Sannan buhun gero mai tiya 40, kilo 100 ke nan, ni kuwa huɗu nake ɗorawa. Fiye da rabin tan a kan kwanon da kaurinsa da kyar yake kai milimita 1. Ƙarfin saman mota a ginshiƙan ƙofofi yake, ni kuma ƙafafuna huɗu ko ɗaya ba ta zauna daidai kan ginshiƙi ba.

To amma ku ma ku duba halin da nake ciki. Ina da ƴaƴa bakwai a lokacin, ga mahaifiya, ga bashin motar ban gama biya ba. Tafiya ɗaya zuwa Dakoro da dawowa gazuwal ne mai yawa, in ka ce za ka raba kaya sawu biyu ribar ta tafi. Kuma ba ni kaɗai ba, duk motar da ta tashi daga tasha haka take, kaya sun fi ta tsawo. Wanda ya ɗauki kaɗan dariya ake yi masa. Har yau in na tuna sai in ce ko wani ne a matsayina abin da zai yi ke nan. Sai kuma in tuna dattijon ya faɗa mini, da bakinsa, kuma na ji.

Motar ma ta yi ta faɗa mini. Hanyar burji mai gargada tana girgiza ƙarfe sau dubbai kafin a kai ƙauye ɗaya, wurin da aka like da wuta kuma ba ya lanƙwasawa, sai kwanon gefensa ya tsage. Damina ta farko jan ruwan tsatsa ya fara ɗiga kan kafaɗar fasinjan baya. Na toshe da kwalta. Ƙofar baya ta dama ta daina rufuwa sai an doke ta da ƙugu. Wata safiya na tarar gilashin gaba ya tsage daga kusurwar sama, ba dutsen da ya taɓa shi. Na ce sanyin hunturu ne. A kwana kuma ina jin yadda take karkata, ta daɗe kafin ta dawo daidai, sai na koyi shiga kwana a hankali na ɗauka na gama da matsalar.

Ranar da abin ya faru mun taso daga wata kasuwar ƙauye bayan Kornaka, hanyar yashi mai sawu biyu. Ciki cike da mutane, sama buhu huɗu, yaron motata kuma yana zaune a kansu don babu wuri. Amalanken jaki ya fito daga bayan geza. Na kauce, tayoyin dama suka hau tudu, na hagu suna cikin ramin sawu. Wallahi ba gudu nake ba. Sai na ji sitiyari ya yi sako-sako a hannuna, motar ta kwanta ta hagu a hankali kamar raƙumi zai durƙusa. Na ciki ƙujewa kawai suka yi. Yaron ne ya faɗo, buhu ya bi shi ya danne masa cinya. Shekarunsa 19. Mun kai shi wajen mai ɗori, daga baya asibiti, na biya komai, na sayar da motar a kansa. Ya warke, ya yi aure, yana sayar da kayan miya. Amma yana ɗingishi, kuma duk ranar da muka gamu shi ke fara gaishe ni da fara'a, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Kariyar kuwa ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari da yawa, amma da na zo nan sai na ga kaɗan ne.

Kada mutum ya hau saman mota tana tafiya. Ko ɗan wa ne, ko ya roƙe ka.

Mai nauyi ƙasa, tsakanin tayoyi. Buhu, jarkar ruwa, batir, duk ciki. Sama ta tabarma ce da katifa da tamfol. Kowace mota akwai iyakar nauyin da masu ƙera ta suka yarda a ɗora mata a sama, galibi yana cikin littafinta, kuma nauyin kariyar kanta a ciki yake. Wannan adadin na sabuwar mota ne. Taku ta shekara talatin tana shan rana da tsatsa, ku rage. Ku da kuke wuni kan waya kuna kallon motocin Ostireliya, minti nawa zai ɗauke ku ku nemo wannan lambar? Hoto kuke so, a ce motar wane ta yi kyau a Facebook. Ɗan ƙanwata ko ƙauyen kakarsa bai taɓa kai motar nan ba, amma tsani yake nema.

Gaskiya da za ku ji tawa, ku bar kariyar gaba ɗaya. Na san ba za ku bari ba, ni ma da na sake sayen mota na sake yi, don sana'ar ba ta yiwuwa babu ita. To a yi ta a ƙasa, ba a kan motar ba. Bututu, ƙafa shida ko takwas masu faɗin tafi, roba tsakaninsu da leɓen rufi, a ɗaure da noti, a duba notin duk dawowa daga daji. Kada a huda rufi, kada wuta ta taɓa shi. In leɓen ya ruɓe a gyara shi tukuna. Ta zauna ƙasa-ƙasa, kada ta zarce faɗin motar. In mutum biyu ba za su iya ɗaga ta cikin sauƙi ba, ta yi nauyi. Kada kuma ku ce na ce mara nauyi ku je ku sayo bututun da ake kujerar biki da shi, wannan kafin ku kai garin Gidan Rumji ya tsage.

Ku saurari mai walda, ya fi ku sani. Amma wanda duk abin da ka tambaya sai ya ce "zai ɗauka, Alhaji", tashi ka bar shagonsa.

Ɗan ƙanwata dai ya saurare ni yana murza waya, ya ce, "To Kawu, za a duba." Na san irin wannan "to" ɗin. Jiya na kira uwarsa. Yau da safe na koma wajen mai waldar, na tarar bai yanka ƙarfen ba tukuna, na ba shi jika biyar na ce ya riƙe aikin har Juma'a. Ranar zan ɗauki ɗan ƙanwar tawa mu je kasuwa sayen tattasai, a rumfar da na sani.