Yadda nake koya wa 'yan firamare neman littafi da kansu

Ban yarda da al'adar kulle littattafai a kabad wai kada yara su yaga ba. Littafin da aka kulle shekara da shekaru gara ce ke cin moriyarsa. Shi ya sa a ɗakin karatun makarantarmu kantoci a buɗe suke, kuma daidai tsawon yaro.

'Yan aji ɗaya da biyu ba na ɗora musu nauyi. Su wanke hannu, su buɗe shafi daga kusurwar sama, su daina lasar yatsa kafin su juya takarda. Wannan ta lasar yatsa kuwa, a wurinmu manya suka gani.

A aji uku nake raba musu guntayen kwali da muke yankawa daga kwalin taliya, kowa ya rubuta sunansa a jiki. In yaro zai zaro littafi, sai ya soka kwalinsa a gurbin. Da ya gama dubawa, ya san inda zai mayar. Wannan 'yar dabara ta rage min wahalar jera kanta duk yamma.

Daga aji huɗu muke shiga tsarin jera littattafai bisa lambobi da Melvil Dewey, wani Ba'amurke, ya fitar a 1876, wanda ya kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900. Ba na sa su haddacewa. Yaran da ke haddace izu a Islamiyya, gida goma ba zai gagare su ba, amma hadda daban, iya nema daban. Aike nake yi musu. "Je ki nemo min littafin da ke maganar raƙumi." Ta yi ta lalube har ta gano dabbobi suna 590. Da haka suke sanin Musulunci yana 297, tatsuniyoyi kuma 398.

Inda suka fi tuntuɓe shi ne lambar da ke bayan ɗigo. Tarihin Najeriya 966.9 ne, na Nijar 966.26. Kusan duk yaron da na miƙa wa littattafan biyu, Najeriya yake sawa gaba. In na tambaya, sai ya ce, "Malama, ai 26 ta fi 9 yawa." Lissafinsa daidai ne, sai dai a nan ɗaya bayan ɗaya ake kwatanta lambobin: 2 kafin 9. Nakan rubuta kowace lamba a takarda, na miƙa wa yara biyar, na ce su jera kansu a gaban aji. Gardama takan kaure, ni kuwa na yi shiru har su daidaita.

'Yan aji shida su ke riƙe rajistar aro: suna, lambar littafi, ranar ɗauka, ranar mayarwa. Mako guda muke bayarwa. Wanda littafinsa ya dawo a yage, gam da almakashi suna kan tebur, shi zai zauna ya liƙe abinsa.