Abin da na kwaso daga bincike ta intanet

Yanzu da na karɓi takardata na bar sashenmu na jami'a, zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa. Waɗanda muka yi karatu tare sun san Daktan da nake nufi, wanda ya duba kundin bincikena.

Kundina kan 'yan gwari ne na kasuwar Mile 12 da ke Legas: yadda tumatir da tattasai da albasa ke saukowa daga Arewa, da yadda dillalai ke ba da kaya bashi ba tare da takarda ba. Dakta ya ce a tsara tambayoyi a Google Forms, a watsa ta WhatsApp. Wani dattijon dillali ya leƙa wayata ya ce, "Yaro, wanda ke sauke tirela tun asuba yaushe zai zauna cike wannan? Tambaye ni da baki." Sai na koma saƙon murya, kuma a nan mutane suka saki jiki. Da daddare nake saurare ina rubutawa, ina rige-rige da masu ɗauke wuta.

Dakta ya dawo min da babin, wai hirar kasuwa ba hujja ba ce. Ba a jima ba ya kira ni ofis: za a fitar da maƙala daga wannan babin dai, sunansa a gaba, kuɗin bugawa kuma daga aljihuna, da dala. Na ce, "Ranka ya daɗe, wace mujalla ce?" Ya ce ta ƙasa da ƙasa ce, in daina yawan tambaya. Cikin 'yan kwanaki suka karɓa, ko waƙafi ba su taɓa ba, alhali mujallar ƙwarai kan ɗauki watanni, masana su tantance, su dawo maka da gyara. Irin waɗannan mujallun na cin kuɗi ne Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Amurka, ya riƙa jerawa har ya rufe jerin a Janairun 2017. Dakta ya san haka sarai, lissafin ƙarin girma yake yi. Da na je neman aikin koyarwa, kwamiti suka duba Scopus da DOAJ, rumbunan da ke jera mujallun da aka tantance, ba su ga mujallar ba, suka ture maƙalar gefe. Kai ta wani wuri kuma ba dama, tunda an riga an buga.

Don haka kafin ka biya ko sisi, nemi sunan mujallar a waɗannan wurare biyu da kanka, ko wa ya ba ka ita.

Sauran ƙanana ne. In shafi ya nemi dala talatin ko arba'in kan maƙala ɗaya, aika wa marubucin imel, galibi sukan turo. Duba AJOL don mujallun Afirka. Tambayi ma'aikacin laburare ko makarantarku na cikin Research4Life, shirin da ke ba makarantun ƙasashe masu tasowa damar karanta mujallu kyauta ko da rahusa. Koyi Zotero, manhajar tsara madogarar bincike, tun farko. Nemi izinin wanda ka naɗi muryarsa, ka adana ta wajen waya. Kada kuma ka ɗauka Google Scholar ya san komai: aikin Abner Cohen na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo a Ibadan da na Mahdi Adamu na 1978, a kan kantar laburare na karanta su, cikin ƙura.

Bara aka ba Dakta farfesa. An turo gayyatar walima a zauren tsofaffin ɗalibai, kowa na ta barka da addu'a. Ni ban ce uffan ba.