Yadda za a tsaya wa iyalan wanda ya kashe kansa

Fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, inji Hukumar Lafiya ta Duniya. Iyalansu kuwa sau da yawa gudunsu ake yi.

Ka je, ka ambaci sunan mamacin. Kada ka tambayi yadda abin ya faru, balle ka ce "ba ku lura ba?", don dama suna zargin kansu. Ka koma bayan masu ta'aziyya sun watse, lokacin kaɗaici ya fi ciwo. In wani daga cikinsu ya daina barci da cin abinci, tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta jawo tunanin. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita a ranar.