Daga Warsaw: jikokin da ba su ga kwaminisanci ba

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida. Ya haƙuri da tsadar rayuwa? Mu nan Poland sai godiya, in ban da sanyi.

A ƙasar nan, in dattijo ya ɗauko labarin zamanin kwaminisanci sai ka gyara zama: layin nama tun asuba da katin rabo a hannu, yajin aikin masu ƙera jiragen ruwa a Gdansk a 1980 ƙarƙashin Lech Walesa, dokar soja ta Disambar 1981, har zaɓen 4 ga Yunin 1989 da ya karya ƙashin bayan gwamnatin. Jikansa kuwa yana saurare ne ido na kan waya. Shi ya buɗe ido ya tarar ƙasar tana cikin Tarayyar Turai tun 2004. Abin da ke hana shi barci kuɗin hayar ɗaki ne, da aikin da yau akwai gobe babu.

Amma fa kada ku ɗauka ba ruwansu da siyasa. A zaɓen Oktoban 2023 sama da kashi 74 cikin 100 na masu zaɓe suka fito, a unguwar Jagodno ta birnin Wroclaw mutane suka yi ta layi har kusan ƙarfe 3 na dare, aka sauke jam'iyyar PiS bayan shekara 8 tana mulki. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa na 2025 kuma, sai matasan suka juya wa manyan jam'iyyun ƙasar biyu baya, suka rabu tsakanin Slawomir Mentzen mai tsananin ra'ayin riƙau da Adrian Zandberg na 'yan gurguzu. Haushi ne tsagwaronsa, sai dai a akwatin zaɓe suke juye shi. Ban taɓa jin ɗayansu na kiran soja ba. Mu a Najeriya, a 2023 ɗin, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 ba.

Batun taimaka wa dimokuraɗiyya a waje ma suna da nasu salon. Tun 2007 tashar talabijin ta Belsat take yi wa mutanen Belarus shirye-shirye daga nan, waɗanda shugaban ƙasarsu Lukashenko ya fatattako bayan 2020 da yawa nan suka samu mafaka. A 2022 ɗalibai ne suka cika tashar jirgin ƙasa da miya mai zafi da barguna don 'yan gudun hijirar Yukren, ko da yake yanzu wasu 'yan Poland ɗin sun fara ƙunƙuni.

'Yan Poland ɗin su ma an taimake su a zamanin kwaminisanci: rediyo daga birnin Munich na Jamus, injinan buga takardu da aka yi ta shigowa da su a ɓoye. Amma masu yajin aikin 'yan ƙasa ne, su suka sha ɗauri. Wannan nake tunawa duk lokacin da aka tayar da zancen barazanar yaƙin da ECOWAS ta yi wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, alhali matasan Yamai suna kan titi suna yi wa sojoji kirari. Wa za a je a tallafa wa ke nan?

A gaishe da kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Warsaw