Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kuɗin Ajiyar Haya Idan Ɗan Haya Ya Rasu a Sidni

Assalamu alaikum masu bibiya. Makon jiya mun tsaya a shekarun aikin dillancin gidajen haya a Sidni. Yau labari zai ɗan dakata, saboda tambayoyin da suka taru a kan abu ɗaya: mutum ya rasu a gidan haya a Ostireliya, ina makomar kuɗin ajiyarsa?

A jihar New South Wales, dokar haya ta 2010 ta ce kuɗin ajiya ba zai wuce hayar mako 4 ba, kuma ba a hannun mai gida yake zama ba. Hukumar Fair Trading, mai kula da haƙƙin masu saye da 'yan haya a jihar, ce ke riƙe shi. Da ɗan haya ya cika, kuɗin ya shiga cikin dukiyar mamaci. Ƙaninsa ko abokin zamansa ba su da ikon karɓa don kawai su suka yi masa sutura, sai wanda wasiyya ta naɗa, ko wanda Kotun Ƙolin jihar ta ba takardar kula da gado. Takardar wakilci da mamaci ya ba wani tun yana raye kuwa, aikinta ya ƙare ranar da ya rasu.

Inda mutanenmu suka fi yin asara shi ne nan: mutuwa ba ta kashe yarjejeniyar haya. Haya na ci gaba da hawa kan dukiyar mamaci har ranar da aka rufe yarjejeniyar. A ce hayar dala 600 ce a mako, ajiya ta kama dala 2,400. Dangi suka kulle ɗakin, suka ce ba mai taɓa kayan marigayi sai bayan sadakar arba'in. Hayar kwana 40 ta kai kusan dala 3,430. Ajiyar ta tafi, ga ragowar bashi a wuyan mamaci. Sau da yawa ba a ma lura da wuri, domin da zarar an sanar da banki rasuwar yakan dakatar da asusun, hayar da ake cira kai tsaye ta tsaya, dillali kuma yana ta lissafi a littafinsa.

Maganinsa sashe na 108 na wannan dokar haya. Idan marigayin shi kaɗai ne a takardar haya, wakilin gadonsa ko mai gida, kowannensu na iya ba ɗayan sanarwar kawo ƙarshen haya a rubuce, ko da wa'adin bai cika ba. In mai gida ne ya bayar, wakilin na iya kwashe kaya ya miƙa makulli kafin ranar da aka sa, haya kuma ta tsaya tun daga ranar miƙawa. A karɓi shaidar miƙa makullin mai kwanan wata. Idan su biyu ne a takardar, wanda ya rage yana iya ci gaba da zama, ko ya ba da sanarwar kwana 21.

Kafin a miƙa, a nemo rahoton yanayin gida da aka cike ranar shiga. Yawanci yana cikin imel ɗin marigayi, in ba a samu ba dillali na da kwafi. A bi shi ɗaki-ɗaki ana ɗaukar hoto: kafet, cikin tanda, bangon da aka kafa ƙusa, labule. Fentin da ya koɗe da kafet ɗin da sawu ya cinye tsufa ne, doka ba ta yarda a cire kuɗinsu ba. Ƙunar dutsen guga a kafet kuwa ɓarna ce, za a cire.

Sai neman kuɗin. Wasu sukan ɗauki wayar marigayi su shiga asusunsa na Rental Bonds Online, shafin intanet na kuɗin ajiyar haya, tunda lambar sirri wayar take zuwa. Kada a yi. Taɓa dukiyar mamaci ne ba da izini ba, ko da niyyar alheri aka yi. A tuntuɓi Fair Trading da takardar shaidar rasuwa da shaidar cewa kai ne wakilin gado. Idan rasuwar ta shiga hannun mai binciken musabbabin mutuwa, takardar shaidar rasuwar takan jinkirta, don haka a sanar da dillali a rubuce tun ranar farko.

In mai gida ya riga ya shigar da buƙatar a biya shi daga kuɗin ajiyar ba da yardar ɗaya ɓangaren ba, akwai kwana 14 kacal na kai ƙorafi kotun sulhu ta NCAT, in ba haka ba a biya shi. Matsalar ita ce sanarwar takan tafi wayar da ba mai dubawa. Shi ma mai gidan dole cikin kwana 7 da shigar da buƙatar ya kawo rahoton yanayin gida na ranar fita da rasit ko ƙiyasin gyara.

A kuma bincika ko ajiyar rancen gwamnati ce na Rentstart. In haka ne, sai an cire ragowar rancen kafin wani abu ya kai ga magada.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga inda muka tsaya.