Ga Ƙannena 'Yan Baya, Daga Wanda Ya Ƙi Zaman Benci

Na yi shekara shida ina buga lamba biyar, wato tsakiyar baya, a wata ƙaramar ƙungiya ta garinmu, kuma ba rauni ne ya raba ni da ƙwallo ba, girman kai ne, wanda Hausawa suka ce rawanin tsiya ne. Duk lokacin da na ga matasa suna atisaye da yamma a filin makarantar firamare ta unguwarmu, musamman masu tsaron baya, sai in tuna da Joseph Yobo, tsohon ɗan bayan Najeriya, domin kusan duk abin da na ƙi yi a ƙaramin filinmu mai ƙura, shi ya yi shi a manyan filayen Turai.

Kuskurena na farko ya faru ne ranar da kocinmu ya ce in koma lamba biyu, wato gefen dama na baya, saboda an kawo wani yaro da ya fi ni tsawo da iya sa kai. Na ɗauki wannan a matsayin cin fuska. Na shiga wasan ina kumbure-kumbure, ina ta zamewa zuwa tsakiya kamar wanda ya manta kayansa a can, har ɗan wasan gefe na abokan karawarmu ya bi ta gurbin da na bari sau biyu, aka zura mana ƙwallo biyu kafin a tafi hutun rabin lokaci. Koci bai yi mini faɗa ba. Ya miƙa mini ledar ruwa ne kawai, ya nuna mini benci da haɓarsa. Yobo kuwa, wanda duniya ta sani a tsakiyar baya, a gefen dama ya buga wa Najeriya Gasar Cin Kofin Duniya ta 2002, kuma daga wannan gefen ne ya ɗago ƙwallon da Julius Aghahowa ya sa wa kai ya zura a ragar Suwidin. A shekarar ce David Moyes ya ɗauko shi aro daga Marseille zuwa Everton, bayan ya fara zaman Turai a Standard Liège ta Beljiyam a 1998. Da ya tsaya gardama a kan lambar riga, ban ga yadda za a yi hanyar ta buɗe masa haka ba.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne, ba da abin da ’yan kallo ke tafa wa hannu ake auna ɗan baya ba. Ni burina a kullum shi ne in yi wa ɗan gaba kwanciyar da za ta tayar da ƙura, a yi ihu a kira sunana, alhali sau da yawa wanda ya kai ga zubewa ƙasa ya riga ya makara ne wajen tsayuwa. Koci yana neman wanda zai samu a wurinsa kowane mako, lafiyayye, ba tare da kati a kansa ba. A kakar 2006/2007 Yobo ya buga wa Everton dukkan wasanni 38 na Gasar Firimiya, ba a cire shi ko na minti ɗaya ba. Ku yi tunanin abin da hakan ke nufi ga mutumin da aikinsa karo da tare ne: babu jan kati, babu dakatarwa, babu raunin sakaci. Ni kuwa ban taɓa haɗa wasa biyar a jere ba tare da alƙalin wasa ya rubuta sunana ba, kuma, abin kunya, ina alfahari da hakan a majalisa.

Amma darasin da ya fi yi mini zafi shi ne na 2013. Yobo ya je Gasar Cin Kofin Afirka a Afirka ta Kudu yana kyaftin, yana ɗan wasan Fenerbahçe da ya riga ya ci gasar Turkiyya a 2011, sai ga shi a benci a yawancin wasannin, yayin da koci, marigayi Stephen Keshi, ya damƙa tsakiyar baya ga matasa biyu, Kenneth Omeruo da Godfrey Oboabona. A wasan ƙarshe da Burkina Faso, wanda Sunday Mba ya ci ƙwallo ɗaya tilo, sai dab da tashi aka sako shi, kuma shi ne ya ɗaga kofin da Najeriya ta rabu da shi tun 1994. Na kalli wasan a gidan kallo, kowa na tsalle, ni kuwa ina zaune ina lissafin cewa mako uku kacal na iya jurewa a benci kafin in kwashe takalmana in daina zuwa atisaye, ina jiran a zo a ba ni haƙuri. Babu wanda ya zo. Yaron nan mai tsawo ya ji rauni bayan wata guda, aka ba wani gurbin da nawa ne da ina nan.

Saboda haka, ƙannena, idan koci ya sauya muku wuri, ku tambaye shi abin da yake so ku yi a sabon wurin, ku bar tambayar dalilin da ya sa aka sauya ku. Idan an ajiye ku, ku riga kowa zuwa atisaye, ku zauna kuna nazarin yadda ’yan gaban abokan karawa ke motsi, domin daga benci ana ganin gurbin da ba a gani daga cikin fili. Kada kuma ku ɗauka haƙurin zai kare ku daga mummunar rana. Wasan Yobo na ƙarshe a Super Eagles, bayan ya kai wasa 100 a rigar ƙasa, shi ne wanda Faransa ta fitar da mu da ci biyu da nema a Brazil a 2014, kuma ƙwallo ta biyu daga ƙafarsa ta shiga ragarmu. Ni ma na taɓa cin gida sau ɗaya, kuma na tuna cewa kafin ƙwallon ta gama gangarawa cikin raga na riga na juya ina ɗaga wa golanmu hannu, wai laifinsa ne da bai yi magana ba.